Jar Ƙasata a Bangon Abijan

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne Isyaku, ɗan Malam Haruna magini, daga wani ƙauye da ke gabas da Kunci. Boko na tsaya a aji huɗu, allo kuwa na sauke. Sana'ar gidanmu gini da zanen bango. Zan faɗi abin da ya same ni bi da bi, yadda ya zo, don ba na son labarin da ake farowa daga tsakiya.

Shekara biyu a jere gero ya ƙone a tsaye. Wanda ba shi da abin da zai ɗora a murhu ba ya kiran mai zane ya ƙawata masa zaure. A shekara ta biyun mahaifina ya rasu, ya bar mini Inna, da matata Hauwa, da gona ɗaya. Gonar ba babba ba ce, amma a kwari take, tana riƙe laima, kuma tana manne da ta Baffa Sule, ƙanen mahaifina, mai 'ya'ya maza biyar da gonar da ba ta kai tamu ba. Da na ce zan fita cin rani, Baffa ya kai ni gaban dagaci ya ce, "Isyaku, je ka, Allah ya ba da sa'a. Amma ba a barin ƙasa ta kwana a shekara irin wannan. In ruwan shuka ya sauka ba ka nan, Garba zai shuka ta." Garba shi ne babban ɗansa. Dagaci ya ce magana ta yi. Ni ma na ce ta yi. Kowa a wajenmu ya san yadda irin wannan aron yake ƙarewa. Bana aro, baɗi aro, shekara ta uku a tumɓuke gambar da ke tsakani, jikokinka su taso a ce musu da ma can gona ɗaya ce. Wata shida ke gare ni, in tafi in dawo.

Zangona na farko Yamai. A tashar Maraɗi muka haɗu da wani Alhaji Tanko, ko dai sunan da ya ba mu ke nan. Farin takalmi gare shi, da dogon carbi wanda ba ya ja sai in ana kallonsa. Ya ce yana da kwangilar gini a Abijan, magina yake nema. Mu bakwai muka ba shi kuɗin motarmu ya riƙe, wai don kada 'yan tasha su yi mana wayo. A Yamai ya zaunar da mu gindin wata bishiya kusa da kogi, ya ce zai je ya gaisa da direba, ya bar mana butarsa mu kula da ita. Kwana uku muka yi muna gadin buta. Butar ma yoyo take. Huɗu suka juya gida, biyu ban san inda suka nufa ba. Ni takarduna biyu suna jikina, ta shaida da katin allura, Inna ta ɗinke su a aljihun ciki, don haka na ce gaba zan yi. Na yi wa wani Bazabarme dakon albasa sati guda. Mutumin ba ya dariya, ba ya hira, amma ranar da motarsa za ta tashi ya nuna mini saman buhuna da haɓa, ya miƙo mini ƙullin garin rogo. Allah ya saka masa.

Zango na biyu Wagadugu. Kwana ashirin na yi ina buga tubali a wajen wani mai kwangila wanda ba shi da igiyar awo ko ɗaya. Na gaya masa bangonsa ya karkata. Ya sa aka tambaye ni ko ni zan kwana a ciki. Na ci gaba da buga tubalina. Da abin da na samu ya isa jirgin ƙasa, na bar masa bangonsa.

Zango na uku Abijan. Gari ne da ko wanka ka yi ba ka bushewa, riga ta kwana a igiya ta tashi da ɗanshi. Na sauka a unguwar Hausawa, wajen wani mai tsire ɗan Tawa. Aikin gini kuwa duk na siminti ne, kuma kowane yana da masu shi. Wata guda ina zaga gari ba wanda ya ɗauke ni. Kunyar cin abincin mutum a banza ta sa na ce da mai masaukina ya bar ni in gyara masa gaban shago. Jar ƙasa na ɗebo bayan rumfar wani mai faci. Farar ƙasa na samu a kasuwa, wajen matan da ke sayar wa masu ciki. Ƙaro da kwasfar ɗorawa, wadda ake jiƙawa a yi makuba, na samo wajen masu maganin gargajiya. Baƙi kuwa kunkunniyar tukubar mai tsiren ce. Na ja layi, na raba bangon biyu daidai daga tsakiyar ƙofa, na zauna na yi aikina yadda aka koya mini.

Kwana biyu da gamawa, wata ƙaramar mota ta tsaya. Wani Bature ya fito, siriri, gemu kamar an yayyafa toka, wandonsa duk fenti. Bai yi sallama ba, bai kalli kowa ba. Ya kai hancinsa jikin bango, ya lakato jan da yatsa, ya shinshina, har ya ɗanɗana. Bayansa wani dattijo ne baƙi, dogo, da tsohuwar rigar soja. Dattijon ya ce, "Wa ya yi wannan?" Aka nuna ni. Ya ce, "Daga ina?" Na ce Kano. Ya ce, "Ai na sani. Bakano ne kaɗai zai ɗebi ƙasar mutane ya sayar musu da ita." Na ce, "Baba, daga Damagaram ke nan?" Ya ce, "Ka ji ɗan banza, ya gane ubangijinsa." Wannan shi ne Baba Sarjan, tsohon sojan Faransa, maigadin Baturen kuma tafintansa. Baturen sunansa Lusiyan, sana'arsa zane.

Zango na huɗu gidan Lusiyan, don ya ɗauke ni aiki, kuma nan na daɗe.

Abin da na fara tambaya shi ne ko yana zana mutum ko dabba, don in haka ne ba zan sa hannu ba. Baba Sarjan ya ce da can fuskokin matan masu kuɗi yake zanawa a ƙasarsu, sai aka kai shi wani yaƙi yana saurayi, da ya dawo bai sake zana fuska ba. Wannan ɗaya na yaba masa, har yau kuma ina yaba masa. Bayan shi ban ga na biyu ba.

Ranar da na fara aiki ya karɓi takarduna, wai zai yi mini rajistar zama. Ya jefa su a wata durowar ƙarfe ya kulle. Na ba shi da hannuna. Wanda aka bari da buta a Yamai ya kamata a ce ya yi hankali, amma ban yi ba.

Ga yadda yake aiki. Ana ɗaure yadi mai kauri a jikin katako, wani ya fi ƙofa girma. Sai ya tsaya gabansa da taba a baki, tun hantsi har azahar, bai taɓa komai ba. Can sai ya zabura ya shafa murabba'i ɗaya, ko da'ira, ko wani abu mai kusurwa uku, ya koma ya zauna kamar wanda ya yi huɗar kadada. Murabba'insa ba wanda kusurwarsa ta tsaya daidai. Da'irarsa kamar ƙwai. Ba igiya, ba ƙusa, ba awo. Ya sa ja kusa da shuɗi su haɗa jiki, ba farin da zai raba su. Rabin yadin kuma ya bar shi fayau ya ce ya gama.

A wajenmu akwai ƙa'ida, yaro ma ya san ta. Na ɗaya, a nemi tsakiya. Na biyu, a tsoma igiya a kunkunniya, a ja ta, a ɗaga a saki, ta bar layi. Na uku, da'ira da ƙusa da zare ake yin ta. Na huɗu, fari ake fara sawa, sannan ja, sannan shuɗi in akwai, baƙi shi ne ƙarshe. Abin da ka yi a dama, ka yi shi a hagu. Na sa Baba Sarjan ya gaya masa wannan. Ya saurara, ya yi murmushi, ya yi dogon bayani yana kaɗa hannu.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce murabba'i shiru ne, da'ira numfashi ce, ja kuwa ihu ne."

"Ihun wa?"

"Ɗan Kano, ni gadi aka ɗauke ni. Shekara tara ina jin wannan, ban taɓa jin ihun ba."

Abin da yake so a wajena launi ne. Fentinsa na cikin kwalba yana ƙyalli kamar jikin mota, shi kuwa yana son wanda ba ya ƙyalli, mai kauri, mai kama da ƙasa. Sai na riƙa haɗa masa. In tankaɗe jar ƙasa sau uku, in jiƙa ƙaro ya kwana, in tace makuba, in dama. Ja kaɗai na fitar masa da iri bakwai, daga mai kama da tukunya sabuwa har zuwa mai kama da hanta. In ya gani sai ya kama kansa da hannu biyu. Daga baya ya ga layina ya fi nasa miƙewa, sai ya riƙa nuna mini da sanda inda yake so, ni in ja igiya, ni in cike, shi ya zo ya ɓata gefe ɗaya da tsumma don kada ya yi kyau da yawa, ya sa sunansa a ƙasa. Sunan kam shi yake rubutawa da kansa.

Akwai wani falankin katako da na ajiye a bayan ɗaki, a kansa nake gwada launi kafin in kai masa. Ba na son ɓarna, don haka na ja masa layi, kowane gwaji da gidansa. Wata rana bayan la'asar ina zaune ina kallonsa, sai na lura da abin da na yi. Ashe gonakinmu na jera ban sani ba. Ga dogayen nan sirara na gidan Malam Audu, da aka raba wa magada shida. Ga ta liman mai faɗi. Ga ta Baffa Sule. Ga tamu a ƙasa, na sa mata jan da ya fi duhu, yadda take yi in ta sha ruwa. Siraran layukan da ke tsakani kuwa gamba ce da lalle. Na daɗe a wurin. Na tuna Hauwa tana kawo mini fura gindin ɗorawa, na tuna ban aika musu da ko saƙon baki ba. Ban ci abinci ba ranar.

Kashegari falankin ba ya nan. Na same shi a babban ɗaki, an kewaye shi da baƙin katako, sunan Lusiyan a gindinsa.

Na ce da Baba Sarjan, "Gaya masa wannan abin gwaji ne."

Ya gaya masa. Ya dawo ya ce, "Wai duk rayuwa gwaji ce."

Zango na biyar wani babban otal ne a bakin ruwa, inda ya baje kolin zanensa. Ni na rataye su duka, da igiyata, shi ya sa suka tsaya daidai. Da yamma mutane suka cika wurin, Turawa da manyan gari, kowa da kofin giya a hannu. Aka ce in tsaya bakin ƙofa. Na ga mace ta tsaya gaban jan murabba'i ɗaya ta dafe ƙirji. Na ga namiji ya matsa gaba, ya ja da baya, ya karkata kai, ya gyaɗa, kamar mai duba saniya a kara, alhali ko za a yanka shi bai san abin da yake dubawa ba. Lusiyan ya sa kwat, yana tsaye gaban falankina, mutane sun kewaye shi.

Na ce, "Baba Sarjan, me yake gaya musu?"

"Kada ka so ka ji."

"Ina so."

"Yana cewa shekara bakwai ya yi yana yawo a hamada, yana kwana da Buzaye, kafin ƙasa ta yarda ta ba shi sirrin wannan jan."

Na ce, "Bayan rumfar mai faci na ɗebo ta. Nan ne ma yaransa suke fitsari."

Baba Sarjan ya toshe baki da hula ya fita waje. Wani babban ma'aikacin banki, baƙar fata, mai jiki, shi ya sayi falankin. Sauran ma kusan duk aka saye.

A nan wata na biyar ya kama, na fara neman takarduna wajen Lusiyan. Karo na farko ya ce gobe. Karo na biyu ya ce makullin ya ɓata. Karo na uku ya fito fili, ya ce an ba shi aikin zane goma sha biyu, ba inda za ni sai an gama, kuma mene ne gona, shi zai ba ni abin da ya fi gona. Mutumin da bai taɓa shuka ko barkono ba. Na ce da Baba Sarjan zan tafi haka nan. Ya ce, "Kul. Shingen jandarmomi nawa ka wuce da za ka zo? A na farko za su sauke ka, ka yi wata kana yanke musu ciyawa. Ka isa Kano ana girbi." Na san gaskiya ya faɗa. Na ci gaba da dama ƙasa, ina kallon sama. Damina a can tana riga tamu sauka da kusan wata biyu. Ranar da aka yi ruwan farko a Abijan, na san daga nan hanya zai kama ya yi arewa, ni kuwa ina tsaye.

Sati uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ran nan da hantsi sai ga motar mutumin banki. Direbansa ya fito da falankina a ka, ya jingine shi a baranda. Jan ya narke ya gangaro. Farin ya kumbura ya ɓare. Fumfuna ta yi kore a kusurwa, kyankyasai kuma sun cinye ƙaron sun bar hanyoyi. Mutumin ya ce jan ya zubo a farin bangon falonsa har kan kujerar matarsa. Kafin ya rufe baki wata motar ta tsaya da zane biyu, su ma haka.

Lusiyan ya yi ja kamar abin da ya sayar. Ya ƙwala mini kira, yana ihu yana nuna falankin.

Baba Sarjan ya ce, "Yana tambaya me ka zuba a ciki."

"Abin da nake zubawa kullum. Ƙasa, ƙaro, makuba."

"To me ya sa ya zube?"

Na ce, "Baba Sarjan, damina ce fa. Me ake so ya yi? A bari ruwa ya ɗauke, a kankare, a sake sabo. Ai haka ake yi."

Dattijon ya tsaya yana kallona. "Haka ake yi a ina?"

"Ko'ina. Wa ya taɓa ganin zanen da ya ga damina bai nemi gyara ba? Mu da kaka muke sabunta wa mutane, ko in za a yi biki. In ba haka ba me magini zai ci baɗi?"

Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Wayyo ɗan Kano! Su nan in sun sayi zane, so suke jikokin jikokinsu su gada. Shekara ɗari biyu, ɗari uku, yana nan rataye."

Wallahi ban sani ba. Ban ɓoye wa kowa komai ba, ban kuma yi don mugunta ba. Ban taɓa tunanin akwai mai hankalin da zai sa ran ƙasa da ƙaro su wuce shekara ba, kamar yadda ba za ka gaya wa mutum cewa tuwo yana kwana ya yi tsami ba. Wannan kuskurena ne, na ɗauka. Amma wanda ya ce shekara bakwai ya yi yana koyon sirrin ƙasa, ya kamata a ce a cikin bakwai ɗin ya ga damina ko ɗaya.

Lusiyan ya ce zai kira 'yan sanda, na cuce shi. Mutumin banki ya ɗaga hannu, ya yi tambaya a hankali. Baba Sarjan ya raɗa mini, "Ya ce, shin wa ya haɗa launin?" Na ga Baturen ya tsaya. In ya ce shi ne, ɓarnar tasa ce. In ya ce ni ne, abin da ya faɗa a otal ƙarya ne. Bai daɗe yana tunani ba. Ya nuna ni.

Mutumin ya sake tambaya, wannan karon Baba Sarjan ya kalla. Dattijon ya ƙame kamar yana gaban hafsa, ya yi magana mai tsawo, ya san kuma aikinsa yake sawa a wuta. Da ya gama ya ce da ni, "Na gaya masa har layin naka ne. Bai yarda ba. Nuna masa."

Na ɗauko igiya da ƙwaryar kunkunniya. A kan simintin barandar nan na ja, na ɗaga, na saki. Na sake, na sake. Kafin a sha kofin shayi na fitar da duk gidajen da ke kan falankin, ba wanda ya kauce. Ina yi ina faɗa, Baba Sarjan yana juyawa. Wannan ta gidan Malam Audu, kashi shida. Wannan ta liman. Wannan ta Baffa Sule. Wannan tamu, wadda in ruwa ya riga ni isa, ta fita hannuna.

Mutumin ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce shi ma ubansa manomin doya ne a arewacin ƙasarsu. Ya tambaya me nake so. Na ce takarduna. Ya juya wajen Lusiyan ya yi magana ƙasa-ƙasa, kalma ba ta fi goma ba, Baba Sarjan ma bai ji ba. Makullin da ya ɓata sai ga shi a aljihun wando. Lusiyan ya kawo takardun ya yar a ƙasa. Na sunkuya na ɗauka, don ba su suka yi mini laifi ba. Na buɗe na duba, ba hatimin rajista ko ɗaya a ciki. Ladan watan ƙarshe bai ba ni ba, ban kuma tsaya nema ba.

Da na ɗauko jakata zan fita, na hango shi durƙushe gaban falankin da ya lalace, ya kanne ido ɗaya, yana bin sawun kyankyasai da yatsa, yana magana shi kaɗai. Baba Sarjan ya ce, "Wai yanzu ne ma ya yi kyau." Ba na shakka haka ya sayar da shi.

Na ce, "Baba, kai fa? Zai kore ka."

"Wa? Wannan? Tsoron ɓarayi yake ji fiye da kunya. Wuce mu tafi, kada Kano ta rasa mai sayar mata da ƙasa."

Shi ya kai ni wajen fataken goro, ya haɗa ni da wani direba da zai tashi zuwa Kano. Sharaɗin shi ne in hau saman kaya in riƙa yayyafa wa huhunan goro ruwa safe da yamma don kada su bushe. Ya cusa mini burodi biyu da gwangwanin kifi a jaka, ya ce in na isa in gaya wa Kanawa Damagaram ta sake ciyar da su. Ban sake ganinsa ba. Ina sa shi a addu'a tare da mahaifina.

Zango na ƙarshe hanya ce, kwana goma sha ɗaya. Goro ba ya son jira, amma jandarmomi ba ruwansu da goro. A kowane shinge a sauke mu, a juya takarda sama da ƙasa, a mayar. Ni ba su nake kallo ba, ƙasa nake kallo. A Bobo dawa ta kai gwiwa. A Wagadugu ta kai idon sawu. A Yamai hadari ne baƙi a gabas, ƙasa a bushe, na ji sanyi a raina. Muka kwana biyu a Dosso taya ta fashe. Da muka iso Maraɗi, sai na ga mutane a gona layi-layi, masu sungumi a gaba, masu ƙwarya a baya. Na tambayi wani yaushe aka yi ruwa. Ya ce kwana huɗu, kuma daga kudu ya zo.

Na sauka a Kunci da sassafe, ƙasa jiƙe sharkaf, an sake wani ruwan jiya. Ban bi ta gida ba. Da jakata a kafaɗa na yanki hanyar gona. Ko'ina an shuka, gero ya fara tsagowa kamar allura. Na wuce ta liman, na wuce na gidan Malam Audu. Daga nesa na hango Garba a gonar ubansa, ya gan ni, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Tsakiyar gonarmu ba a taɓa ta ba. Amma a gefe, bin gamba, akwai layi ɗaya na gero da ya tsiro, ya kewaye ta gabas da yamma, kudu da arewa. Layin a karkace yake, wani ramin kusa, wani nesa. Gindin ɗorawa kuwa Inna ce zaune a kan buhu, ƙafafunta a miƙe sun kumbura, ga ƙwaryar iri da sungumin mahaifina a gefenta.

Ashe ranar ruwan farko, tun kafin 'ya'yan Baffa su gama karyawa, ta fito da sandarta da irin da Hauwa ta ɓoye a tulu. Ba ta iya ɗaga sungumi, da dunduniya ta riƙa haƙa rami. Wuni guda ta yi tana zagayawa. Da Garba ya zo ya tarar, aka tafi gaban dagaci. Dagaci ya ce shi bai taɓa jin an shuka a kan shukar wani ba, a ba Isyaku sati guda. Tun ranar kullum nan take wuni, kada a wayi gari a ga wani abu dabam. Ranar da na iso ita ce ta biyar.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce na rame. Na tashi na tsaya ina bin layin da ido.

Ta ce, "Na sani bai miƙe ba, ba sai ka faɗa ba. Ajiye jakar nan ka ɗauki sungumi, rana tana yi."